Wa ke riƙe da almakashi? Muhawara kan aikin Michel van der Aa

Nura Edita:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina bin aikin wani Bature ɗan ƙasar Holan mai suna Michel van der Aa, abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo shi nan mu tattauna.

An haife shi a 1970. Abin da ya fara jan hankalina shi ne, ba da rubuta kiɗa ya fara ba. Aikin ɗaukar sauti ya fara koya a makarantar kiɗa ta birnin Hague, wato ɗan situdiyo ne irinmu. Bayan nan ya koyi tsara kiɗan kilasik, irin wanda Turawa ke rubutawa a takarda makaɗa su karanta su buga, kuma cikin malamansa har da Louis Andriessen, sanannen mai tsara kiɗa na ƙasarsu. A 2002 ya tafi Amurka ya yi kwas ɗin ba da umarnin fim. Tun daga lokacin shi ke rubuta kiɗansa, shi ke ɗaukar fim ɗin da za a haska tare da kiɗan, sau da yawa kuma shi ke tsara abin da zai faru a kan dandamali.

Wanda na fi maimaitawa shi ne Up-close, na 2010. Mace ɗaya, Sol Gabetta, tana zaune da babban gogen nan nasu da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, calo, a bayanta ga makaɗan goge na Amsterdam Sinfonietta. A gefe ga allo, a cikinsa wata tsohuwa tana ta faman wani abu ita kaɗai, wani lokaci a daji, wani lokaci a cikin gida. Can sai mai gogen ta ajiye kiɗa ta miƙe ta ɗauki fitilar da ke tsaye a dandamali, tsohuwar cikin allo ma da irin fitilar. Sai ka rasa ko mutum biyu ne, ko mace ɗaya ce a shekaru biyu. Da wannan aikin ya ci kyautar Grawemeyer a 2013, dala 100,000.

Ga inda na dosa. Mu a nan ɗayan biyu ake yi: ko a buga waƙa a situdiyo a je lokeshan a kunna 'yan wasa su bi da baki, ko a gama fim a kawo mini a ce in nemo kiɗan tausayi in liƙa. Kullum ɗaya na gaba, ɗaya na bin baya. Shi wannan mutumin tare yake haifarsu. Hoton ma kamar wani makaɗi ne a cikin tawagar, yana da inda zai shigo da inda zai yi shiru.

Kabiru Furodusa:
Wa alaikumus salam. Malam Nura, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da ke ƙasar da gwamnati ke ware wa harkar fasaha kuɗi, ka kwatanta shi da kai da kake tace fim da janareto? Ni ban ga abin da za mu ɗauka a nan ba. Ka ba ni kuɗin da aka kashe a fitilun dandamalinsa kaɗai in yi maka fim mai dogon zango.

Nura Edita:
Alhaji Kabiru, maganar kuɗi gaskiya ce, ban musa ba. Amma zama da mawaƙi da darakta a tebur ɗaya kafin a kunna kyamara ba ya cin ko sisi. Opera ɗinsa, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, mai suna One, wadda mawaƙiya Barbara Hannigan ta fara rerawa, mace ɗaya ce tal a dandamali, sai hotonta a allo, sai sautin da aka naɗa. Tana waƙa, hotonta na amsa mata, har ka kasa rarrabe muryar da ke fitowa daga bakinta da wadda ke fitowa daga lasifika. Kuma wane sauti ya fi yawan amfani da shi a ciki? Ƙarar karya busasshen reshe. Ƙas! Wannan ko a bayan gidanmu zan naɗa.

Baba Habu:
Nura ɗana, wannan maganar karya icen ta sa na yarda mutumin ya zauna a ɗakin naɗar sauti. Wanda ya yi aiki da faifan tef ne ya san darajar ƙaramar ƙara mai kaifi. A zamaninmu a gidan rediyo, da reza muke yanka tef, mu sa alama da farin fensir, mu manna da salatif. In kana neman daidai inda za ka yanka, irin wannan ƙarar kake farauta, kana juya faifan da hannu gaba da baya har ka ji bakinta. To shi ya ɗauki wurin yankan ya mayar da shi kiɗa. Madalla.

Amma ku bar ni in kawo nawa gwanin. Bruno Monsaingeon, Bafaranshe, an haife shi a 1943, shi ma mai goge ne kafin ya kama kyamara. Shi ya ɗauki Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada, yana buga kiɗan nan mai suna Goldberg na Bach, wani tsohon mai tsara kiɗa Bajamushe, a 1981. Ku lura, ba fiyanon situdiyon Kano nake nufi ba mai aiki da lantarki, wancan babban akwatin ne mai wayoyi da guduma a ciki. Me ke cikin fim ɗin? Mutum ɗaya a kan wata gajeriyar kujera da mahaifinsa ya gyara masa, ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa maɓallan, yana gunaguni da baki yana bin kiɗan, in hannu ɗaya ya samu sarari sai ya ɗaga shi yana kaɗawa kamar yana ba ɗayan umarni. Shi ke nan. Gould ya rasu a 1982, yana da shekara 50. Yau fiye da shekara arba'in, duk wanda ya kunna zai ga abin da aka gani a ranar farko. Haka Monsaingeon ya yi wa Sviatoslav Richter, makaɗin fiyano na Rasha, fim ɗin ya fito a 1998 bayan mutumin ya rasu da shekara ɗaya. Ni a wurina wannan ne aikin mai fim a gaban makaɗi: ka san inda za ka ajiye kyamara, ka san lokacin da ba za ka yanka ba.

Sadiya:
Ina wuni Baba. Ina karatu a Jamus, kuma na ɗan bi aikin van der Aa, don haka bari in sa baki a ɓangaren da Yaya Nura bai kai ba, wato inda mai kallo ke da hannu.

A 2015 ya fitar da The Book of Sand, ba a dandamali ba, a intanet da manhajar waya, kyauta. Ya samo tunanin daga labaran Borges, marubucin Ajantina, kuma Kate Miller-Heidke 'yar Ostireliya ce ta rera ta kuma fito a ciki. Fina-finai uku ne ke tafiya a lokaci guda, kamar hanyoyi uku a jere, matar tana cikin kowanne tana hidima da yashi. Kai ke zaɓar wanda za ka gani. Ka danna, ka faɗa wani ɗakin, amma waƙar ba ta tsaya ba kuma ba ta koma farko ba. Lokacin da na gwada shi, da farko na riƙa dannawa kamar mai canza tasha, ban fahimci komai ba. Sai a zagaye na uku na gane cewa in na daɗe a wuri ɗaya ina rasa abin da ke faruwa a sauran biyun, kuma ba yadda zan yi in ga duka. Wannan rashin shi ne abin da aka so in ji.

Kabiru Furodusa:
To ƙanwata, ai kin faɗi matsalar da bakinki. In mai kallo ne zai zaɓi hoton da zai gani, me darakta ya yi? Ana biyan edita ne saboda ya san wane hoto ya dace ya biyo bayan wane. In ka miƙa wa ɗan kallo almakashi, ka gudu daga aikinka ne. Ka je wurin tela ya ba ka yadi da zare ya ce ka ɗinka yadda kake so?

Nura Edita:
A nan ne na saba da kai, Alhaji. A matsayina na mai tacewa, na san wanne ya fi wuya. Tace layi ɗaya, kana da yanka guda a kowane wuri, ka zaɓe shi ka wuce. Amma layi uku da mutum zai iya tsallakawa a kowace daƙiƙa, dole kowace daƙiƙa ta zama wurin yanka mai kyau. Haske ya dace, motsin jiki ya dace, sautin kada ya yi karo. Bai gudu daga aiki ba, ninka wa kansa ya yi. Almakashin da ya ba ka, shi ya ƙera shi, kuma inda ya yarda kaɗai yake ci.

Malama Rabi:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni abin da ya ba ni mamaki, yadda muke magana kamar sa hannun mai sauraro a cikin waƙa sabon abu ne da kwamfuta ta kawo. A wurin Turawa ne yake sabo, domin su a zauren kiɗan kilasik an hana ka ko tafi tsakanin sassan kiɗa, ka zauna shiru har a gama. Mu fa? Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin da makaɗan kalangu ke wasa ya san waƙar ba a gama take ba kafin a zo. Wani ya shigo fili, maroƙi ya sanar da shi, ya faɗi asalinsa da kyautar da ya yi, nan take mawaƙi ya juya ya saka shi a baiti. 'Yan amshi na riƙe da gindin waƙa, ba ya motsi, a kansa ake ta canje-canje. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ai da wannan aka san shi, waƙa ɗaya ba ta fita iri ɗaya sau biyu.

To abin da Sadiya ta kwatanta, ni gindin waƙa nake ji a ciki. Muryar matar ita ce amshin da ba ya canzawa, hotuna uku su ne baitocin. Bambancin shi ne, a filinmu mawaƙin na ganinka. Yana iya ƙin kula ka, yana iya yi maka habaici. Manhaja ba ta san ka zo ba.

Baba Habu:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Kuma ku ji wani abu, Gould ɗin nan da na kawo ya hango wannan tun tuni a nasu ɓangaren. Ya daina wasa a gaban jama'a a 1964, yana da shekara 31, ya koma situdiyo kacokan. A 1966 ya yi rubutu yana cewa lokaci na zuwa da mai sauraro a gidansa zai riƙa haɗa nasa kiɗan, ya ɗauko wannan sashe daga wannan makaɗi, wancan daga wani. Ashe gwanina da gwanin Nura dangi ne.

Sai dai tsorona na nan. A 1989 wani kamfani a Amurka, Voyager, ya fitar da wani faifan kwamfuta tare da Farfesa Robert Winter a kan babban kiɗa na tara na Beethoven, mai tsara kiɗa Bajamushe, wanda aka fara bugawa a birnin Biyana na Ostiriya a 1824. Kana sauraro kana karanta bayanin abin da ke faruwa a daidai wurin, ka danna ka ji inda wani jigo ya fara fitowa. A lokacin abin al'ajabi ne. An gina shi a kan wata manhaja mai suna HyperCard ta kwamfutar Macintosh, wadda kamfanin Apple ya daina tuntuni. Yau in ka samu faifan, sai ka nemo tsohuwar na'urar ko wata dabara kafin ka buɗe. Takardar da Beethoven ya rubuta kuwa, shekara 200, ana nan ana bugawa. Haka aka yi da Flash, manhajar da shafukan intanet ke nuna hotuna masu motsi da ita, da aka rufe shi a ƙarshen 2020 ayyuka da yawa na intanet suka bi shi.

Musa Damagaram:
Baba, ka taɓa mini inda ke ciwo. Wajen shekara ashirin da suka wuce na ɗauki wani tsoho mai goge a wani ƙauye kusa da mu, da ƙaramar kyamara mai ɗan kaset. Har yanzu ina ganinsa. Ya zauna a tabarma a zaure, ya ciro ƙaro daga aljihu ya goga wa izgar, ya kara gogen kusa da garwashi don fatar ta ɗame, ya ɗan ja sau biyu yana karkata kai yana saurare. Yatsunsa ba sa danna izgar ƙasa, gefenta kawai suke shafa. Matarsa na daga bayan zana tana kaɗa ƙwarya, ba ta yarda na ɗauke ta ba, sai sautinta. Kaset uku na cika.

Tsohon ya rasu. Kyamarar ta lalace. Na kai kaset biyu wani shago a juye mini, na yi ta sintiri wata huɗu, ƙarshe aka ce an tashi daga shagon an zubar da tarkace. Ɗaya ya rage, yana cikin gwangwani a ɗakina, kuma ba ni da abin kunna shi. Don haka in ana maganar gilashin da ake sawa a fuska a shiga wata duniya, ni tunanina na wurin gwangwanin nan.

Sadiya:
Allah ya jiƙansa, Kawu Musa. Abin da ka faɗa ya shafi aikin van der Aa kai tsaye, domin shi ma kullum a kan tuna baya da rashi yake yawo. After Life ta 2006, wadda ya gina a kan fim ɗin Hirokazu Kore-eda na Japan, labarin mutanen da suka mutu ne, aka ce kowa ya zaɓi abu ɗaya tak da zai riƙa tunawa daga rayuwarsa, har ya sa hirarrakin da ya yi da mutane na gaske a ciki. Blank Out ta 2016, uwa ce a dandamali, Miah Persson, ɗanta kuma Roderick Williams yana cikin fim mai zurfi irin wanda ake kallo da tabarau, suna waƙa tare amma ba za su taɓa juna ba.

Na gilashin fuskar da ka ambata shi ne Eight, na 2019. Mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, kamar minti 15, yana tafiya da ƙafarsa yana bin wata mata, rayuwarta na komawa baya daga tsufa zuwa ƙuruciya. Kuma a 2025 wani sabon aikinsa irin wannan, From Dust, ya ci kyauta a bikin fina-finai na Kan a Faransa.

Kabiru Furodusa:
Mutum ɗaya, minti 15. A awa mutum huɗu ke nan in ɗaki ɗaya ne. A wuni ba za ka wuce talatin da 'yan kai ba. Ƙanwata, ta ina kuɗin ke dawowa?

Sadiya:
Ba daga tikiti kaɗai ba, Alhaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka suke yi. Upload ta 2021, gidan opera na Amsterdam da na Kolon a Jamus da bikin Bregenz na Ostiriya da wani babban zaure a Amurka ne suka haɗa hannu, aka yi aikin sau ɗaya, ya zaga wurinsu ɗaya bayan ɗaya. Ita ce na gani da idona. Uba ne ya bar gangar jikinsa aka juye tunaninsa cikin kwamfuta, 'yarsa, Julia Bullock ce ta fito a matsayin, tana fama da shi don bai shawarce ta ba. Roderick Williams, wanda ya fito a matsayin uban, na tsaye a gefen dandamali kyamarori na bin motsinsa, a take ana mayar da shi wani hoto mai yawo a allo. Kana ganin mutumin, kana ganin inuwar da 'yar ke magana da ita.

Malama Rabi:
Wannan labarin kam sai an yi hattara. Rai ba fayil ba ne da za a kwafa.

Sadiya:
Haka ne Anti, kuma wasan bai nuna abin a matsayin nasara ba. Abin da na fita da shi shi ne fushin yarinyar. Uban na nan yana magana, amma ba ta da kafaɗar da za ta jingina kai. Na rasa mahaifina ina nesa, saƙonnin muryarsa na nan a wayata, ban iya gogewa ba kuma ban iya saurare ba. A zauren nan na yi kuka sosai.

Malama Rabi:
Allah ya gafarta masa, ya ba ki haƙuri 'yata. Na fahimce ki yanzu.

Kabiru Furodusa:
Amin. Ni dai har yanzu ban sauka daga kan maganata ba game da almakashi, labari na mai ba da shi ne. Amma haɗa hannun nan na gidaje huɗu ya shige ni. Mu kowa so yake sunansa kaɗai ya fito a fosta.

Nura Edita:
Alhaji, ka riƙe taka in riƙe tawa. Amma ga abin da nake son gwadawa, kuma maganar Malama Rabi ce ta buɗe mini ido. A samu makaɗan gargajiya, a ɗauke su da kyamara uku a zama ɗaya ba yanka: ɗaya a kan mawaƙi, ɗaya a kan hannun mai kalangu da hammatarsa inda yake matse tsarkiya, ɗaya a kan 'yan amshi da jama'a. Sauti ɗaya. Mai kallo ya zaɓi inda zai tsaya, kamar yadda zai zagaya a fili. Sannan, saboda gargaɗin Baba, a ajiye kowane layi daban a matsayin bidiyo na yau da kullum, ko manhajar ta mutu hotunan na nan.

Baba Habu:
Ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi a gaban kyamarorin uku kafin a fara, da shi za ka daidaita su a wurin tacewa. Kuma kada ka dogara da makirfon ɗin kyamara, kalangu zai danne murya. Ka sa wa mawaƙin nasa daban.

Musa, kaset ɗin nan naka, ƙarami ne kamar akwatin ashana? In shi ne, akwai kyamarar irinsa a wurin wani tsohon abokin aikina, bara na ga tana kunnawa. Kada ka buɗe murfin kaset ɗin, kada ka bar shi kusa da lasifika ko a rana. Ka duba ta 'yar tagar ko akwai farin fumfuna a jikin zaren.

Musa Damagaram:
Shi ne Baba, ɗan ƙaramin. Na duba yanzu da tocilan, ban ga fari ba, zaren baƙi ne sumul. Ina da shigowa Kano bayan sati biyu in sha Allahu.

Nura Edita:
Ka sauka a wurina, Malam Musa. Ina da tsohuwar kwamfuta mai ramin wayar da irin waɗannan kyamarorin ke amfani da shi, zan nemo wayar a kasuwa kafin ka iso. Baba, a tambaya mana ko cajar kyamarar na nan.